Baburan Manang Fely

Shekara ashirin da shida Felisa Sumagaysay ta yi tana riƙe da ɗakin shan magani na jami'ar, kuma a duk tsawon shekarun nan da wuya ta ci abincin rana da zafinsa. Da ta buɗe kwanon shinkafarta da busasshen kifi sai wani ya faɗo da ciwon kai, ko a ce wata ta sume a layin rajista. Ɗalibai suna kiranta Mam Fely, mu 'yan unguwa muna ce mata Manang Fely, wato Yaya Fely, mijinta kuwa in ya so tsokana sai ya ce Janar.

'Yar masunci ce daga Estancia, ita ce babba cikin su bakwai. Ta karanta aikin jinya da niyya ɗaya da ta kowace yarinya ta lokacinsu, wato ta hau jirgi ta tafi waje. Ƙawayenta duk sun tafi, wasu Riyad, wasu Landan, suna ta aiko da hotuna cikin rigunan sanyi. Ita kuwa saura wata biyu ta tashi mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai ta ce bari ta kama aikin jami'ar nan ta Iloilo na shekara ɗaya kafin tsohuwa ta miƙe. Tsohuwa ba ta miƙe ba, shekara tara ta yi a kwance. Kafin nan Fely ta auri Dolfo direban jifni, motar haya ta fasinja, ta haifi 'yan mata biyu, fasfo ya mutu a ƙasan akwati.

Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. In ɗalibi ya zo da ciwon cikin ƙarya don ya tsere wa jarrabawa, sai ta ɗauko allura mafi girma a ɗakin ta ajiye a kan tebur, nan take ciwon yake warkewa. Wanda kuma yunwa ta kawo shi yana cewa jiri yake ji, takan tura masa rabin abincinta tana yi masa faɗa. Kowa ya san ƙarya ba ta wucewa a gabanta. Guda ɗaya ce tak ta bari ta wuce, kuma ita ce ta zo ta ja mata daga baya.

Duk shekara, in damina ta kankama wajen watan Agusta, akwai wata tafiya da take ganewa tun daga bakin ƙofa. Saurayi zai shigo a hankali, ƙafa a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya jiya, sanye da dogon wando mai faɗi duk zafin da ake yi.

"Zauna."

"A'a Mam, tsayuwar ma ta yi."

"Kujerar ba ta cizo. Me ya same ka?"

"Babur ne ya kayar da ni."

"To, sauke wandon in ga aikin babur."

In ya sauke, bayan cinyoyin nan biyu tun daga ƙasan mazaunai har kusa da gwiwa sun kumbura suntum, jini ya taru, sun yi kalar doyar ube, shunayya mai duhu. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, wannan babur akwai ladabi. Ya bar gwiwa, ya bar fuska, ya bar tafin hannu, ya zagaya ta baya ya zaɓi cinya." Yaron sai ya sunkuyar da kai. Ita da shi duk sun san abin da ya faru. Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ne na samarin jami'a, masu ce wa juna brod. Wanda zai shiga sai an ɗaure masa ido, an tsayar da shi ya riƙe gabansa da hannu biyu, tsofaffin 'yan ƙungiya su jeru kowa ya ɗaga katako mai faɗi irin na tuƙa kwalekwale ya sauke masa. In ya kai ƙarshe bai gudu ba, a kwance masa ido, a rungume shi, ya zama ɗan'uwa har mutuwa.

Na farko da ya zo mata, a shekararta ta biyu da fara aiki, ɗan mai saran rake ne daga Negros, yana karatu da tallafi. Dokar jami'ar ba ta bambanta mai duka da wanda aka daka. Duk wanda aka samu a ƙungiyar da ba ta da rajista, kora ce. Yaron ya so ya durƙusa mata cinyoyi suka hana shi, sai ya kama gefen tebur yana kuka, yana cewa in aka kore shi gidansu ya mutu. Ta dube shi, ta dubi littafin da take rubuta duk wanda ya shigo ɗakin, ta rubuta: faɗuwa daga babur. Yaron nan yanzu injiniya ne a jirgin ruwa, duk Kirsimeti sai ya aiko mata da kati. Daga shi sai na biyu, sai na goma, har hannunta ya saba. Takan ba su magani, ta zage su tas, ta ce su sha ruwa da yawa, ta rubuta babur. A zuciyarta ceto take yi.

A gida ma ba ta tsira daga zancen ba, don Dolfo yana da nasa tabon, ƙuna zagayayya kamar kwabo a bayan hannunsa na dama, ta ƙungiyar da ya shiga yana saurayi.

"Ke dai kin cika ɗaukar zafi, Janar. Mu ma an yi mana, ga ni nan, me ya ragu a jikina?"

"Hankali ya ragu."

"Katako arba'in na sha ko uffan ban ce ba. Washegari na fita aiki."

"Shi ya sa har yau kake zama a karkace kana tuƙi, mutane na zaton salo ne."

"Yi dariyarki. Ranar da jifnina ya kife a hanyar Pototan su wa suka zo suka ɗaga shi? 'Yan'uwanki na Estancia ne, ko brod-brod ɗina?"

Kullum in an zo nan sai ta je ta huce a kan tukwane.

Bara, wata Litinin da ƙarfe tara na safe, wasu samari biyu suka jingine wani yaro a ƙofarta, suka ƙwanƙwasa, kafin ta buɗe sun sha kwana. Jomari Tabujara sunansa, ɗan aji ɗaya a sashen koyon malanta, shekararsa goma sha takwas, daga tsibirin Guimaras. Fuskarsa ta kumbura, yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita.

"Yaushe rabonka da fitsari, Toto?" ta tambaye shi da sunan da ake kiran yaro namiji da shi a can.

"Jiya, Mam. Ɗan kaɗan."

"Wane kala?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna baƙin kofin da ke kan teburinta. Ta aika a kawo motar asibitin jami'a aka ce ta kai wani babba filin jirgi. Sai ta kira Dolfo, ya sauke fasinjojinsa a tsakiyar hanya suna zaginsa, ya zo ya ɗauke su.

A cikin jifnin ne, yana kwance rub da ciki a kan benci, kansa a cinyarta, yaron ya faɗa mata komai da bakinsa. Tun ran Juma'a aka yi abin, a wani gidan gona bayan gari. Ya ƙirga hamsin da biyu, daga nan lissafi ya ɓace masa. Bai ga masu dukan ba, amma ya san muryoyi bakwai, kuma wanda ya kawo shi ƙungiyar wani ɗan aji huɗu ne mai suna Kervin. Kwana uku brod-brod suna jinyarsa da kansu a ɗakin haya da irin ilimin da suka gada, su dafa ganyen gwaiba su gasa wurin, su ba shi ɗanyen ƙwai, su murza kwalba mai sanyi a kan cinyar wai jinin ya watse. Ba su san murzar nan ƙara dagargaza naman take yi ba, dattin ya bi jini ya je ya toshe ƙoda. A asibiti likita ya ce da an ƙara yini ɗaya gawa za a kawo. Rai ya tsira, ƙodar ce ba ta dawo ba, sai wanki sau biyu a mako.

Ranar Fely ta koma ɗakinta da yamma, ta buɗe littafin. Ta rubuta: duka da katako. Ta zauna ta cika shafi uku na rahoto, da sunaye, da wuri, da rana. Ƙarshen Maris za ta yi ritaya, sai ta rantse ba za ta cire farar rigar nan ba sai ta ga an rubuta sunan mutum ɗaya, ɗaya tak, an ce shi ya yi kuma ga hukuncinsa.

Mahaifiyar yaron ta hauro a kwalekwalen safe. Luding ake ce mata, mijinta ya rasu, mangwaro take sayarwa a bakin tashar ruwa. Fely ta same ta a barandar asibiti da takardar ƙorafi a hannu.

"Mam, mu ƙananan mutane ne. Yaran nan iyayensu manya ne."

"Doka ta fi iyayensu girma. Yanzu ba kamar da ba ne, abin nan ɗauri ne na shekaru. Ke dai sa hannu, sauran ki bar mini."

"In suka kori Toto fa?"

"Wa zai kore shi ina raye? Ki yarda da ni, Luding."

Matar ta goge hannu a siket ɗinta ta sa hannu.

Daga nan Manang Fely ta san jami'ar da ta yi wa aiki shekara ashirin da shida. Ofishin harkokin ɗalibai ya ce ƙungiyar ba ta da rajista, don haka a wurinsu babu ita, kuma ba a hukunta abin da babu shi. Ofishin tsaro ya ce a wajen makaranta aka yi, ikonsu ya ƙare a bakin ƙofa. 'Yan sanda suka ce sai yaron ya warware ya yi bayani da kansa. Ta hau bene ta sauko, ta hau ta sauko, da takalminta mai lanƙwasasshen dunduniya, har masu shara suka fara yi mata sannu tun daga nesa. Da ƙyar aka kafa kwamiti. An sa rana guguwa ta zo. An sake sa rana shugaban kwamiti ya tafi taro Manila. Sai Kirsimeti, sai bikin Dinagyang, wa zai zauna shari'a gari na kiɗa? Ta roƙi Dolfo ya zo ya ba da shaida tunda shi ya tuƙa motar, ya sosa ƙeya, ya kira ta da sunan lallashi ya ce, "Day, kin san injin nan da ƙara. Wallahi ban ji komai ba." Sati biyu ba ta zuba masa abinci ba.

Sai farkon Fabrairu aka zauna. Ɗaki mai sanyi, mutum biyar a kan dogon tebur, an ajiye musu burodi da kofi. Samari bakwai sun jeru cikin fararen riguna, gashi a taje, kai ka ce 'yan waƙar coci ne. Jomari yana gefe kusa da uwarsa, ya rame, wuyansa da bandeji. Lauyan da ya zo kare samarin tsohon ɗalibin jami'ar ne, Pedregosa, mutum mai fara'a da taushin murya. Tun kafin zaman ya nemi a kawo duk littattafan ɗakin shan magani, aka tara su a kan tebur, tsofaffin har sun yi ja.

"Mam Fely, ina gaisuwa. Ba ki tsufa ba ko kaɗan."

"Yi tambayarka, Lauya."

"Kin ce ciwon da kika gani a jikin yaron nan ba abin da ke kawo shi sai katako."

"Na ce, kuma ina ƙara faɗa."

"Babur ba ya yin irinsa?"

"Ko mahaukacin babur ba ya yi."

Ya ɗauko wani tsohon littafi, ya buɗe inda ya maƙala takarda, ya miƙa mata da hannu biyu. "Taimaka ki karanta mana na sha huɗu ga Agusta, dubu biyu da ɗaya."

Ta gyara tabarau. Rubutunta ne, na lokacin da hannunta ke da kyau. Ta karanta a hankali: "Pedregosa, Arnel. Taruwar jini a bayan cinyoyi biyu. Faɗuwa daga babur."

"Ni ne, Mam. Ina aji ɗaya."

Ta ɗago ta dube shi. Sai yanzu ta ga yaron a cikin fuskar, siriri mai manyan kunnuwa.

"Kai ka san abin da ya same ka," ta ce.

"Na sani mana, ga shi a rubuce, da hannunki da hatiminki." Ya dafa tarin littattafan. "Na ƙirga, Mam. Sittin da ɗaya. Ciwo iri ɗaya, a wuri ɗaya, duk babur. To, ko dai sittin da ɗayan nan gaskiya ne, kenan babur yana yin irin wannan ciwon. Ko kuma ƙarya ne, kenan wadda ta yi ƙarya sau sittin da ɗaya a littafin hukuma ita ke so a kori yara bakwai a kan maganarta. Wanne za mu ɗauka?"

"Don kar a kore ku na yi!" Muryarta ta cika ɗakin. "Kai nan ka riƙe mini hannu kana kuka da majina, kana cewa babanka zai kashe ka in ya ji!"

"Ban tuna ba, Mam," ya ce cikin ladabi, ya koma ya zauna.

Ba ƙarya ya yi mata ba, abin da ya fi ƙona ta kenan. Ita ta ɗinka rigar nan da hannunta shekara da shekaru, yau an sa mata ta zauna daidai. Amma ta ce a ranta ba komai, ai ga yaron nan a zaune, shi zai faɗa da bakinsa.

Shugaban kwamiti ya juya wajen Jomari. "Ɗana, kada ka ji tsoron kowa. Me ya same ka?"

Yaron ya dubi samarin nan bakwai, ya dubi uwarsa. Bai dubi Fely ba.

"Babur ne, Sir. Na ari na abokina, birki ya ƙi."

"Toto!" Fely ta miƙe. "A cinyata ka faɗa mini! Hamsin da biyu ka ce!"

"Zazzaɓi ne a lokacin, Mam. Ban san me nake faɗa ba."

Luding ta zura wa tafin hannunta ido. Da aka tambaye ta, ta ce ta janye ƙorafinta, da murya ƙasa-ƙasa har sai da aka ce ta maimaita.

Bayan mako biyu takarda ta fito. Babu hujjar duka, an sallami samarin. An ja kunnen ma'aikaciyar jinya kan sakaci wajen rubuta bayanai. Sannan, ganin yawan haɗarin babur da littattafan suka nuna a tsakanin ɗalibai, kwamiti ya ba da shawarar a shirya lacca kan sa hular kwano, kuma ɗakin shan magani ne zai gabatar. Fely ta karanta sau biyu. Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi fitowa.

Ba ta iya haƙura ba. Ran Alhamis, ranar wankin ƙodar yaron, ta rufe ɗakinta da tsakar rana ta tafi asibiti. Ta samu Luding a kan benci a baranda, da kwandon mangwaron da ba ta sayar ba a gefenta.

"Na zo in ji daga bakinki. Barazana suka yi miki? Faɗa mini, yanzu mu koma wajen 'yan sanda."

"Ba wanda ya yi mini barazana, Mam."

"To, me ya sa? Ƙodarsa suka kashe, Luding! Ɗanki ɗaya!"

Matar ta ɗago. Ba fushi a idonta, gajiya ce kawai.

"Litinin da Alhamis, Mam, ƙarfe shida na safe, mutum biyu suna jiranmu a tashar ruwa da mota. Su suke ɗaukarsa a baya su hau da shi bene. Da aka nemi jini, su goma sha ɗaya suka zo suka jeru. Likitan ƙodar nan brod ɗinsu ne, shi ya sama mana gurbi, mutane na jira wata uku ba su samu ba. Sun ce in ya gama karatu aiki na jiransa. In na kai su kurkuku, wa zai zo tashar ruwa ran Litinin?" Ta gyara zama. "Ke za ki zo?"

Fely ta buɗe baki. Ta tuna ritayarta saura wata guda, ta tuna gwiwoyinta da benen nan, ta tuna jifnin Dolfo da ke kwana biyu a gareji kwana ɗaya a hanya. Ta rufe bakin.

"Na san su suka yi," Luding ta ce. "Kullum ina kallon hannuwansu in suna ɗaga shi. Na san su ne."

Ana haka wani saurayi ya hauro da kwanon miyar batchoy mai zafi a leda. Kervin ne. Fely ta san fuskarsa sarai, ta yi wata biyar tana ganinta har a mafarki. Ya miƙa wa Luding burodi, ya kira ta uwa da yarensu ya ce, "Nay, ki ci wani abu, tun safe ba ki ci ba." Sannan ya juyo ya ga Fely. Bai gudu ba, bai ɗaure fuska ba. Ya matso, ya rusuna, ya kamo hannunta na dama ya ɗora a goshinsa, yadda duk ɗan da ya samu tarbiyya yake gaida babba.

"Allah ya yi maka albarka," bakinta ya faɗa da kansa, yadda ya saba faɗa wa duk yaron da ya yi mata haka, tun kafin ta samu ta fizge hannunta.

Ya ce amin, ya shige ciki da miyar.